Ina za mu kai samarinmu tafiyar ƙafa a kan dutse daga Kumasi?

Malamin Dare, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya san dutsen Kwahu ko duwatsun wajen Techiman da ƙafarsa, ba ta tagar mota ba.

Ina koyar da karatun dare a nan Aboabo. Samarin da ke hannuna daga 'yan shekara 14 ne zuwa 20. Wasu 'yan boko ne, wasu suna koyon kanikanci a Suame Magazine, wasu suna taya iyayensu kasuwa a Kejetia. Duk shekara sukan haɗa kuɗi su yi shatar mota zuwa tafkin Bosomtwe. Ban taɓa hanawa ba, amma abin da ake yi a can ba ya wuce a sauke sifika a bakin ruwa a Abono, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, a juyo gida. Yaro ya je ya dawo, ko mangwaron da ke gefen hanya bai ɗaga kai ya kalla ba.

Bana so nake su yi tafiya ta gaske, su yi gumi, su ji ƙafarsu ta yi nauyi, su tsaya a bakin dutse su ga girman ƙasar da aka haife su a ciki. Yawancinsu ba su san wata ƙasa ba sai kwalta da lungunan zango. Abin yana damuna, domin ina ganin yadda waya ta tattare musu duniya a tafin hannu, ga shi kuma ba su san bayan Ejisu ba.

Ga abin da nake so a taimaka mini da shi. Wane wuri ne za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya, a tashi bayan asuba a iso gida kafin lisha? Ina son inda akwai tsayayyen dutse da kwazazzabo da kogo, amma ba inda sai da igiya ake hawa ba. Wane wata ya fi? Wa ake nema ya yi jagora, kuma yaya ake shiga gari ba a saɓa wa masu shi ba? Sannan akwai 'yan mata na ajin Asabar da suka ji labari suka ce su ma sai an je da su, ban ba su amsa ba tukuna. Mu wajen talatin ne idan an haɗa da manya. Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Direba, Zangon Nkawkaw

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi wa wannan niyya albarka. A gindin dutsen nan aka haife ni, a kansa kuma na yi tuƙi har ido ya fara gajiya, don haka Kwahu zan ce maka.

Daga Kumasi ka bi Ejisu, Konongo, Juaso, ka iso Nkawkaw. Kilomita ɗari da 'yan kai ne. In kun bar Aboabo da an sallame asuba, kafin rana ta yi zafi kuna nan. Ku tsaya a zango ku sha koko da ƙosai, ku sa a ƙulla muku wake da shinkafa na rana, ku cika jarkoki. Kada ka ce za ku nemi abinci a sama. Akwai masu sayarwa, amma miyar wuraren cin abincin ƙauye sau da yawa da naman daji take, ba ka san wanda ya yanka ba, ga shi kuma bakin mutum talatin ba ƙaramin abu ba ne ga mai tukunya ɗaya.

Maganar mota ita ce ta fi tsaya mini a rai, don haka bari in daɗe a kanta. Hanyar da ta tashi daga Nkawkaw zuwa saman dutse gajeriya ce, amma kwana ce a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Hawa ba ya kashe mutane, saukowa ce abin tsoro. Direban da bai san wurin ba yakan bar mota a babbar giya ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama. Kafin ya kai rabi birkin ya ɗau zafi, za ka fara jin wari irin na ƙonannen roba yana shigowa ta taga, daga nan in ya taka sai ƙafar ta nutse ba abin da ya kama. Wanda ya sani yana saka giya ta biyu tun kafin gangaren ya fara, ya bar inji ya riƙe motar, birki sai ɗan taɓawa. Kafin ku biya kuɗin shata, Malam, ka tambayi direban da bakinka ko ya taɓa sauko da mota cike daga Mpraeso. Yaranka na Magazine su duba birki da taya da idonsu, aikinsu ne. Kuma ku sauko da sauran haske.

Tafiyar da zan zaɓa muku ita ce ta dutsen Odweanoma. Mota ta ajiye ku a Atibie, ku hau da ƙafa. Hanya ce a buɗe, ba ta ɓata, tana ratsa gonakin koko da gwaza da agade, sannan ta shiga inuwar manyan itatuwa. Ka ware awa biyu don hawa saboda ƙananan cikinku. A ƙoli akwai eriyoyin sadarwa, akwai kuma filin da masu tashi da laima suke tsalle daga kai lokacin bikin Ista, wasan da aka fara tun 2005, su sauka a filin ƙwallo na Nkawkaw. Idan ka tsaya a wurin, garinmu gaba ɗaya yana ƙarƙashin ƙafarka, kana ganin manyan motocin hanyar Akara suna rarrafe, shaho yana shawagi ƙasa da inda kake tsaye. A nan ne za ka ja layi a ƙasa da sanda ka ce ba wanda zai wuce shi don ɗaukar hoto. Ka sa babba ɗaya ya tsaya a kan layin, ba wani aikin da zai yi sai wannan.

In sauran ƙarfi ya rage, mota ta kai ku Abetifi ta Mpraeso. Sanyin garin kaɗai ya isa yara su ba da labari. Kogo kuma akwai na Nkofieho a Twenedurase, kusa da Obo. Tsagar dutse ce mai ƙunci da duhu, ɗaya bayan ɗaya ake shiga da tocila, mutanen wurin suna cewa a ciki mayaƙansu suke ɓuya a zamanin yaƙe-yaƙe. Yana da kyau ƙwarai, amma ba na mutum talatin a lokaci guda ba ne.

Kada ku zo da Ista. Duk ɗan Kwahu da ke Akara da Kumasi da Turai gida yake dawowa a makon nan, hanya ta cushe tun daga ƙasa, kiɗa da giya a kowane lungu, kuɗin komai ya ninka. Ba abin da kake nema wa yaranka ba ne. Kada kuma ku zo tsakiyar damina, daga Mayu zuwa Yuli, dutse yana santsi, hazo yana rufe ƙoli har ka kasa ganin na gabanka. Janairu ƙasa a bushe take, amma ƙurar hunturu tana cinye nisa, ku sha wahalar hawa ku tarar da fari fat. Ni ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba nake so: ruwa ya ɗauke, ganye bai bushe ba, sama a wanke.

Jagora kuwa, da ɗan gari akan ci gari. Ka zo kai kaɗai mako ɗaya kafin ranar, ka gaida asambuliman na garin, wato kansilansu, ko ka je fada, ka faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku. Su za su ba ka saurayin da ya san daji. Ku gama maganar kuɗinsa kafin a ɗaga ƙafa. Ka tambaya kuma ko ranar da kuka zaɓa tana cikin ranakun da ba sa shiga daji, don suna da su. Ka gargaɗi yara kada su tsinki lemo ko koko a gonar mutane, kada su bar hanya su kutsa ciyawa, mafarauta suna ɗana tarkon waya a ƙasa. A dawowa ku saya wa iyayensu mata aya da kaskon niƙa yaji na Mpraeso, a bakin hanya ake jera su.

Tica Mai Taswira, Old Tafo

Baba ya gama magana a kan mota da lokaci, ba ni da abin ƙarawa. Ni darasin ƙasa nake koyarwa a sakandare, don haka bari in faɗi abin da yaran za su gani, don kada su hau su sauko ba su san me suka taka ba.

Dutsen Kwahu dutsen yashi ne. Yashi ne da laka da ruwa ya shimfiɗa ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce, nauyin na sama ya danne na ƙasa har ya daskare. Shi ya sa idan ka kalli fuskar dutsen daga Nkawkaw za ka ga layi-layi a kwance, kamar an jibga tabarmi ɗaya a kan ɗaya. Malam, ka sa kowane yaro ya ɗauki ɗan guntu ya goga da babban yatsa. Zai ji ƙwayoyin yashi suna zubowa a tafinsa. Dutsen da ake fasawa ana zuba wa kankare a Kumasi ba ya yin haka. Wannan tudu shi ne bakin kudu na babban kwarin Volta, ya miƙe wajen kilomita 260, ya bi ta Mampong har wajen Wenchi. Gangaren da ake hawa kafin a shiga Mampong ɗan uwansa ne, haka ma na Gambaga da Nakpanduri a can arewa, wanda shi ne ɗaya bakin.

Kogo da kwazazzabo kuwa aikin ruwa ne. Wani layin yana da tauri, wani yana da laushi. Ruwa yana cinye mai laushin da ke ƙasa, mai taurin ya rage a sama ya zama rumfa, wata rana ya karye ya faɗo, bakin dutsen ya ja da baya. Inda rafi ya sami tsaga sai ya yi ta zurfafa ta. Abin da wannan ke nufi ga mai tafiya shi ne gefen dutse yana iya zama rumfa ce ba komai a ƙarƙashinta, kuma dutsen yashi idan ya jiƙa yana rage ƙarfi, abin da ka kama yana iya ɓallewa a hannunka.

A Abetifi kada ku wuce kogon Bosumpra. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Thurstan Shaw, ya haƙa shi a 1943, ya sami kayan aiki na dutse da fasassun tukwane, binciken baya kuma ya nuna mutane sun fake a wurin tun sama da shekara 10,000. Buɗaɗɗiyar rumfa ce, kowa zai iya tsayawa. Garin kuma yana da alaƙa da Kumasi: wani Bature ɗan mishan, Ramseyer, wanda cocin unguwar Adum ke ɗauke da sunansa, ya yi zaman kamu a hannun Asante daga 1869 zuwa 1874, bayan an sake shi ya kafa mishan a Abetifi a 1876.

Inda na ɗan saɓa da Baba shi ne, Odweanoma kallo ne daga sama, ba shiga kwazazzabo ba. Wanda yake son ya sauka cikin rami ya hau ta ɗaya gefen, Boti zai je, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, bayan Koforidua: matakala 250 zuwa gindin ruwan, sannan hanyar daji mai gangare da hawa zuwa dutsen nan mai siffar laima. Sai dai daga Kumasi ya yi nisa ga yini ɗaya, kuma ruwan yana ƙafewa da rani. Na kusa da ku shi ne Tano Boase a bayan Techiman, inda ake bi ta tsakanin manyan duwatsun yashi a hau kansu. Ku ajiye shi don shekara mai zuwa.

Anti Nas, Asawase

Malam, ka je da 'yan matan. Ƙafarsu ba ta fi ta maza rauni ba, wadda take ɗaukar bokitin ruwa ta hau bene da shi kullum ba hawan Atibie ne zai gagare ta ba. Ka nemi izinin iyaye, ka sami mata manya biyu su bi su. Su sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, hijabin ya zama gajere wanda ba zai kama ƙaya ko ya shiga ƙarƙashin ƙafa ba. Kowa da kowa kambas, ban da silifa, ban da sabon takalmin da ba a taɓa sawa ba.

Kafin ranar ka tambayi iyaye a asirce wa ke da sikila, wa ke da asma, wa ke da farfaɗiya. Yaro ba zai faɗa a gaban abokansa ba. Mai sikila gajiya da ƙishirwa da sanyi suna tayar masa da ciwo, in zai je to ya hau a mota ya jira ku a sama. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihunsa, ba a jakar da aka bari a mota ba. Ruwa aƙalla lita biyu ga kowane mutum, da 'yan ƙullin ORS, garin gishiri da sukarin nan, a jakar babba.

Kogon da jemagu suke kwana a ciki, irin na Buoyem a wajen Techiman, ni ban yarda a shiga da yara ba. Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da cutar Marburg ta ɓulla a nan yankin Ashanti, kuma jemagu masu cin 'ya'yan itace ne suke ɗauke da ita. In kun ji zaurin kashinsu a bakin kogo, ku tsaya daga waje.

In maciji ya sari wani, Allah Ya kiyaye, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko agogo, a hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa mota. Akwai asibitin gwamnati a Atibie, akwai Holy Family a Nkawkaw, lambar gaggawa kuma 112 ce. In hadari ya haɗo kuna ƙarƙashin manyan itatuwa ko a bakin ruwa, ku fita nan take. A watan Maris na 2017 itace ya faɗo wa masu wanka a ruwan Kintampo ana cikin iska, ɗalibai da yawa suka rasu. 'Ya'yan mutane ne irin naka, da malamansu suka fita.

Ɗalibi, Sawaba

Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Ina da damuwa ɗaya da ba wanda ya taɓo. Yawancin wuraren nan da ake lissafawa wuraren tsafi ne. Tano Boase kurmin bauta ne, dutsen Bruku na wajen Kwahu Tafo ma abin bautarsu ne. Na ji ana cewa a wasu wuraren sai an zuba giya a ƙasa kafin a shiga. Yaya za a kai yara masu karatun Alƙur'ani irin wannan wuri?

Tsohon Direba, Zangon Nkawkaw

Ɗana, tambayarka tana kan hanya, gara da ka yi ta a nan. Dutse na Allah ne, Shi Ya kuma ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba. Odweanoma hanya ce da kowa ke bi, manomi da ma'aikacin eriya, ba wanda zai ce ku zuba komai. Bruku daga nesa ake hangensa, tsaye shi kaɗai a kan tudu, ba mai kai ku gindinsa. Inda aka ce sai an yi wani abu da addininmu bai yarda da shi ba kafin a shiga, sai a ce an gode, a juya. Shi ya sa na ce Malam ya zo tun da wuri ya faɗa wa jagora cewa ku Musulmi ne, ga abin da ba ku yi. Ba sabon abu ba ne a kunnensu. Kakanninmu fataken goro sun bi ta garuruwan mutanen nan zuwa Salaga da Kintampo, sarakunansu ne suka ba mu filin da muka kafa zango, har gobe kuma muna gaisawa a fada ranar sallah.

Abin da nake roƙo a ja wa yara kunne a kai shi ne ɗaya gefen. In sun ga farin ƙyalle a ɗaure a jikin itace, ko ƙwai da kwalba a gindin dutse, kada su taɓa, kada su yi dariya, kada su ɗauki hoto su sa a waya da baƙar magana. Ku za ku hau mota ku koma Kumasi, mu ne za mu kwana a garin.

Malamin Dare, Aboabo

Na gode ƙwarai, Baba, Tica, Anti, da kai ma ƙanena na Sawaba. Na karanta wa manyan ɗalibai amsoshinku jiya bayan lisha, mun tsaya a kan Asabar ta farko a Disamba in Allah Ya kai mu. Odweanoma da safe, Bosumpra bayan azahar, mu sauko kafin la'asar ta yi sanyi. Nkofieho mun bar shi sai wani lokaci da manya kaɗai. 'Yan mata za su je, matata da wata malama za su bi su. Tun da tafiyar ta kai nisan ƙasaru, zan yi musu darasinta a daren Alhamis kafin mu tashi.

Baba, zan zo Nkawkaw mako ɗaya kafin nan kamar yadda ka ce, na kuma tura maka saƙo ta akwati game da direba. Abu ɗaya ya rage: a ƙolin Odweanoma akwai ruwan da za a yi alwala, ko mu sa jarka biyu a mota ta hau ta jira mu tare da wani yaronmu mai sikila?